Idon Mai Jirgi a Kan Murjanin Ostireliya: Shaidar da Ake Bukata, da Iyakar da Take da Ita

Da hantsi, tashar jiragen ruwa ta birnin Cairns da ke arewa maso gabashin Ostireliya takan cika da baƙi daga ƙasashe daban-daban, kowa da tawul a kafaɗa, suna layin shiga jiragen da za su kai su tsakiyar teku. Tafiyar takan ɗauki sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a isa inda ruwa ke sauya launi, tudun murjani ya bayyana a ƙarƙashinsa. Da jirgi ya tsaya, baƙi sai su sa tabaran ruwa da bututun numfashi su faɗa teku domin kallon kifaye. A cikin ma'aikatan wasu daga jiragen nan akwai wanda yakan faɗa ruwan da wata manufa dabam. Yana riƙe da allon rubutu wanda ruwa ba ya ɓatawa, yana bin hanyar da ya bi makon jiya da makon da ya gabace shi, yana rubuta ɗumin ruwan, da nisan da ido ke iya hangowa a cikinsa, da irin kifayen da ya gani, da murjanin da ya koɗe ko ya karye ko cuta ta kama. In an koma tudu, sai a aika da bayanan ga hukumar da ke kula da wannan yanki na teku, wadda hedikwatarta ke birnin Townsville.

Wannan aiki wani ɓangare ne na shirin da ake kira Eye on the Reef, wanda ya samo asali a 1997 daga masu sana'ar yawon buɗe ido da kansu, kafin ya girma a hannun hukumar. Tambayar da ke biye da shi tun daga farko ba ta da wuyar fahimta: shin ya dace a dogara da mutumin da abincinsa ya rataya a kan kyan wuri ya ba da rahoton lalacewar wurin? Ra'ayina shi ne ya dace, kuma ya zama dole, domin mai jirgi yana da wani abu da masani ba shi da shi, wato zuwa wuri ɗaya kullum. Sai dai shaidarsa shaidar mai ruwa da tsaki ce, kuma amfaninta ya dogara a kan yadda aka tsara karɓarta da kuma sanin tambayoyin da ba za ta iya amsawa ba.

Abin da ake gadi

Murjani dabba ne, ko da yake wanda ya gan shi zai ɗauka dutse ne ko tsiro. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zaune dubbai a wuri guda, kowace tana gina wa kanta mazauni na farar ƙasa mai tauri, sabbi suna ɗorawa a kan na waɗanda suka mutu, har bayan dubban shekaru ginin ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin da aka daɗe ana yin tsakiya da abin wuya da shi ɗan'uwansu ne da ake cirowa daga tekun Bahar Rum, amma shi ba ya gina tudu. Masu ginin tudu suna rayuwa ne da taimakon wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a cikin tsokarsu, suna sarrafa hasken rana su ba su mafi yawan abincinsu, kuma su ne ke ba su launi. Wannan zaman tare yana da sharaɗi mai tsauri. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da shi a tsakiyar bazara da kamar digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, murjanin sai ya kori tsirran nan daga jikinsa, ya koma fari fat. Wannan ita ce koɗewa. Murjanin da ya koɗe bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo, in zafin ya zarce sai ya mutu, gansakuka ta rufe ƙashinsa.

Tudun murjanin da ke gaɓar jihar Queensland, wanda duniya ta sani da Great Barrier Reef, shi ne mafi girma a doron ƙasa. Ya miƙe tsawon kilomita kusan 2,300, ya ƙunshi tudai daban-daban kusan 3,000 da ɗaruruwan tsibirai. Gwamnatin Ostireliya ta kafa dokar kare shi da hukumar kula da shi a 1975, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Koɗewa mai faɗi ta fara afka masa a 1998, ta dawo a 2002, sannan aka samu tazara. Daga 2016 sai tazarar ta ƙare: 2016, 2017, 2020, 2022, 2024. Ta 2016 kaɗai ta kashe kusan kashi 30 cikin ɗari na murjanin da ke ruwa marar zurfi, mafi yawa a arewacin yankin. Ta 2022 ta tayar da hankalin masana ta wata fuskar, don ta zo ne a shekarar da yanayin La Niña ya kamata ya kawo gajimare da sanyin ruwa. Murjani mai saurin girma yana bukatar kamar shekara goma zuwa sha biyar kafin ya murmure sosai, kuma a yanzu ba ya samun ko rabin wannan hutun.

Faɗin da ya fi ƙarfin masana

Yankin da aka keɓe a matsayin gandun teku ya kai murabba'in kilomita dubu 344, wato ya fi sulusin faɗin Najeriya. Cibiyar nazarin teku ta Ostireliya, AIMS, tana bibiyar lafiyarsa tun tsakiyar shekarun 1980, kuma aikinta na daga cikin mafiya inganci a duniya. Hanyar da ta fi amfani da ita ita ce a ɗaura igiya a bayan ƙaramin kwale-kwale mai inji, a riƙa jan masani yana riƙe da allo, yana kewaya gefen tudu, duk minti biyu a tsaya ya rubuta abin da ya gani. Da wannan hanya cibiyar kan duba tudai ɗari ko sama da haka kaɗan a shekara. Idan aka auna da kusan 3,000, za a ga mafi yawa ba a kai gare su, waɗanda ake kaiwa kuma yawanci sau ɗaya ake zuwa a shekara. Wannan ba gazawar cibiyar ba ce. An tsara aikinta ne domin ya nuna inda lamari ya dosa a tsawon shekaru, kuma yana yin hakan da kyau. Shi ne ya ba da damar binciken da aka wallafa a 2012, wanda ya nuna cewa tsakanin 1985 da wannan shekara yankin ya rasa kusan rabin murjaninsa, aka danganta kashi 48 cikin ɗari na asarar ga guguwar teku, kashi 42 ga wata dabba mai cin murjani, kashi 10 ga koɗewa.

Abin da irin wannan ziyara ta shekara-shekara ba ta iya kamawa shi ne abin da ya faru tsakanin zuwa da zuwa. Masanin da ya tarar da mataccen murjani a watan Agusta yana iya auna yawan asarar, amma sai ya yi hasashen abin da ya kashe shi: zafin Fabrairu ne, ko ambaliyar da ta kwararo da laka daga kogi, ko cuta, ko dabba. Tauraron ɗan'adam yana auna zafin saman teku kullum, hukumar NOAA ta Amurka kuma tana fitar da taswirar wuraren da zafi ya taru, amma tauraro ba ya ganin ko murjanin ya koɗe. Jirgin sama yana ganin farin tudu daga sama, amma sai koɗewar ta yi nisa, kuma iyakar abin da ke kusa da saman ruwa. A nan ne mai jirgin yawon buɗe ido ya shigo. Yana zuwa wuri ɗaya kusan kowace rana ta shekara, da kuɗin da baƙinsa suka biya, ba da kasafin gwamnati ba. Matsayinsa kamar na makiyayi ne a gaban likitan dabbobi: likita ya fi shi sanin cuta, amma makiyayi ne ya san ranar da saniya ta fara ƙin ci.

Shirin yana da matakai, gwargwadon horon mai kallo. Akwai manhajar waya da duk wanda ya shiga teku zai iya aika hoto da ita tare da wurin da ya ɗauka, ko na kififiya ne ko na murjanin da ya koɗe. Akwai gajeren bincike na masu ɗan horo, inda ake iyo na ƙayyadadden lokaci ana ƙirga wasu nau'o'in halittu da aka zaɓa. Akwai binciken mako-mako na ma'aikatan jirage, wanda shi ne ƙashin bayan abin da muke magana a kai. Sannan akwai bincike mai zurfi da jami'an gandun teku da ƙwararrun ma'aikata ke yi, inda mai nutso ke tsayawa a wuri guda ya duba da'ira mai nisan mita biyar daga tsakiyarta, ya ƙiyasta yawan murjani mai rai da irin illar da ta same shi. Duk waɗannan suna zuba ne a rumbu ɗaya. Darajar binciken mako-mako ba ta cikin takarda ɗaya, tana cikin jerin takardu na shekara da shekaru daga wuri ɗaya, wanda ke nuna yadda wurin yake a lokacin lafiya. In ba a san lafiyar wuri ba, ba za a gane ranar da ya fara ciwo ba.

Inda rahoto ke zama aiki

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina tana tattare da dabbar nan mai cin murjani. Wani nau'in tauraron teku ne mai hannaye har kusan ashirin, jikinsa duk ƙaya mai dafi. Yakan hau kan murjani ya fito da tumbinsa waje ya shimfiɗa a kai, ya narkar da tsokar ya tsotse, ya bar farin ƙashi. Ɗan asalin yankin ne, kuma in yawansa bai wuce kima ba babu laifi. Amma macen tana iya zuba ƙwai miliyoyi masu yawa a kaka ɗaya, kuma lokaci-lokaci yawansu kan tumbatsa. An fara lura da irin wannan annoba a 1962 a tsibirin Green da ke kusa da Cairns, ta sake tasowa a ƙarshen shekarun 1970, da farkon shekarun 1990, da kuma wajen 2010. Masana da dama suna danganta ta da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonakin rake zuwa teku, wanda ke ƙara abincin da 'ya'yan dabbar ke ci, ko da yake ana kuma duba rawar da raguwar kifayen da ke cinye su ke takawa.

Bambancin wannan annoba da koɗewa shi ne ana iya yaƙarta da hannu. Masu nutso suna bin dabbar ɗaya bayan ɗaya suna yi mata allura, da sinadarin da ake samu daga maɗaciyar shanu ko kuma da ruwan khal na girki, wanda masu bincike a Jami'ar James Cook suka nuna yana kashe ta ba tare da cutar da sauran halittu ba. Amma jiragen da ke wannan aiki kaɗan ne, teku kuma ga faɗi. Duk nasarar ta rataya a kan sanin inda za a tura su, da kuma isa kafin dabbobin su girma su hayayyafa. Ma'aikacin jirgin da ya saba ganin ɗaya ko biyu a wata, sai ya ga goma a mako guda, ko ya ga sababbin fararen tabo a jikin murjani alhali dabbar tana ɓoye a ƙarƙashi, yana riƙe da labarin da ba wanda ke da shi. Ba abin mamaki ba ne cewa ƙungiyar masu jiragen yawon buɗe ido ta yankin, AMPTO, ta kasance cikin waɗanda suka fara gudanar da aikin kashe dabbar da tallafin gwamnati a farkon shekarun 2010. A nan bukatar ɗan kasuwa da bukatar murjani sun zo ɗaya sak, babu wani dalilin da zai sa ya ɓoye abin da ya gani, akwai dalilai da yawa da za su sa ya yi gaggawar faɗa.

Haka abin yake bayan guguwa. Lokacin da guguwar Debbie ta ratsa tsibiran Whitsunday a 2017, ko lokacin da Jasper ta jawo ambaliya a yankin Cairns a ƙarshen 2023, waɗanda suka san wuraren kafin ɓarna su ne suka fi cancantar faɗin abin da ya sauya, kuma jiragensu na cikin na farko da ke komawa.

Zargin son kai

Yanzu sai babbar suka, wadda bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2017 ya nuna cewa yankin yana samar wa tattalin arzikin Ostireliya kimanin dalar ƙasar biliyan 6.4 a shekara tare da ayyukan yi kusan 64,000, mafi yawansu ta hanyar yawon buɗe ido. Baƙi kusan miliyan biyu ke zuwa a shekara. Duk labarin da ya ce murjani ya mutu yana iya sa wani a Jamus ko Japan ya fasa sayen tikiti. Kuma tarihi ya nuna cewa wannan tsoro yakan yi aiki. A 2016 gwamnatin Ostireliya ta sa aka cire duk wani bayani game da ƙasar daga wani rahoton UNESCO kan sauyin yanayi da wuraren tarihi, bisa hujjar cewa zai iya cutar da yawon buɗe ido. A farkon 2018 wani jigo a ƙungiyar masu jiragen ya fito fili ya nemi gwamnati ta daina bai wa Farfesa Terry Hughes na Jami'ar James Cook kuɗin bincike, yana zarginsa da korar baƙi. A 2021, da aka ba da shawarar sa yankin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, gwamnati ta yi kamun ƙafa a ƙasashe har aka ɗage matakin. Wanda ya ga waɗannan yana da haƙƙin ya yi shakkar takardar da ma'aikacin kamfani ya cika.

Amma a duba lamarin da kyau. Ƙorafin masu jirage ba duka ne son zuciya ba. Binciken da Hughes da abokan aikinsa suka yi ta jirgin sama a 2016 ya duba tudai sama da 900, ya tarar kashi 93 cikin ɗari suna da alamar koɗewa, wasu kaɗan, wasu da yawa. Kafafen yaɗa labarai da dama suka juya wannan ya zama kamar kashi 93 sun mutu, har wata mujalla a Amurka ta buga ta'aziyyar rasuwar tudun baki ɗaya. Mutumin da ya yi nutso da safe a cikin lafiyayyen murjani, ya dawo ya karanta cewa wurin ya mutu, yana da dalilin jin haushi. Kuma a shekarar 2016 ɗin ce masu sana'ar fiye da ɗari suka sa hannu a wasiƙar da ke neman gwamnati ta ɗauki matakin gaske kan sauyin yanayi. Ba bakinsu ɗaya ba, kuma ba adalci ba ne a yi musu kuɗin goro.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bambanci tsakanin abin da kakakin ƙungiya ke faɗa wa 'yan jarida da abin da ma'aikaci ke rubutawa a allo. Takardar binciken ba ta tambayar ko wurin yana da kyau. Tana tambayar digiri nawa, guda nawa, wane nau'i, kashi nawa, kuma amsar tana tafiya ne ga hukuma, ba ga sashen talla ba. Wanda ke cikawa sau da yawa matashi ne da ya karanta ilimin halittun teku, wanda son teku ne ya kawo shi aikin. Ko da an samu mai son rage gaskiya, ƙaryar tana da wuyar ɗorewa, domin zafin da tauraron ɗan'adam ya auna yana nan, jami'an gandun teku suna zagawa, jirgin wani kamfani yana tsayawa a tudun da ke kusa, baƙi kuma suna ɗaukar hotuna da wayoyinsu. Ba a kawar da son kai ta hanyar neman mutanen da ba su da shi, domin babu su. Ana rage tasirinsa ne da tambayoyin da ba su bar wurin kwaskwarima ba, da horo iri ɗaya ga kowa, da kuma gwada kowace shaida da wata wadda ba ta dogara da ita ba. Inda na ga hatsarin yake a zahiri shi ne idan kamfani ya mai da shiga shirin ya zama tambarin talla kawai, yana cika takarda jefi-jefi a lokacin da ruwa ke kwance, yana tsallake makonnin da abubuwa suka ɓaci. Giɓin da ke cikin jerin bayanai ya fi ƙaryar da ke cikinsa wuyar ganewa, kuma a nan ne ya kamata hukuma ta fi sa ido.

Wuraren da jirgi ba ya zuwa

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurin masana, ko da yake ba ta kai ta amo ba. Masu jirage ba su zaɓi wurarensu da ƙuri'a ba. Sun zaɓe su ne don sun fi kyau, sun fi samun kariya daga iska, sun fi kusa da tashar jirgi. Mafi yawan harkar ta taru ne a ƙaramin kaso na gandun, a kewayen Cairns da Port Douglas da tsibiran Whitsunday. Can arewa mai nisa, inda koɗewar 2016 ta fi yin ɓarna, jiragen yini ba sa zuwa. Ƙari a kan haka, wurin da kamfani ke tsayawa wuri ne da ake lallaɓawa: ana cire masa tauraro mai ƙaya, ana tsince dodon-koɗin da ke cin murjani, wasu ma suna dasa sabo. Tun 2018 wani shiri da masana daga Jami'ar Fasaha ta Sydney suka fara tare da wani kamfanin jirage na Port Douglas yake koya wa ma'aikata yadda ake maƙala gutsattsarin murjani a jikin dutse da ɗan ƙaramin maƙali na ƙarfe. Aiki ne mai kyau, amma yana nufin wurin ya daina zama madubin sauran wurare.

Wannan suka gaskiya ce, kuma amsarta ba musu ba ce, iyakance da'awa ce. Bayanan masu jirage ba za su iya faɗin halin da dukan yankin ke ciki ba, kuma duk wanda ya ɗauki lafiyar wurin da yake kai baƙi ya ce ai komai lafiya, ya yi kuskure ko ya yi yaudara. Wannan tambaya ta AIMS ce da masu bincike ta sama. Tambayar da masu jirage ke amsawa ita ce yaushe abu ya fara, da wane nau'i ya fara, yaya ya ci gaba mako bayan mako, kuma wane ne ya farfaɗo. An yi ƙoƙarin faɗaɗa inda idon ke kaiwa. Tun 2020 wani shiri mai suna Great Reef Census yake amfani da jiragen yawon buɗe ido da na masu zaman kansu wajen ɗauko hotuna daga tudan da ba a saba zuwa ba, sannan mutane a ko'ina cikin duniya su taimaka wajen tantance su ta intanet. Akwai kuma al'ummomin asali na yankin, ƙungiyoyi kusan saba'in na Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres, waɗanda alaƙarsu da wannan teku ta girmi zuwan Turawa da dubban shekaru, kuma masu gadinsu suna aiki a wasu wuraren da ba ɗan yawon buɗe idon da ke takawa.

Batun ƙwarewa kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Gaskiya ne ma'aikacin jirgi zai iya rikita cutar da ke sa murjani fari da tabon da tauraro ya bari, kuma ƙiyasin ido yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Amma an san wannan, shi ya sa ake sauƙaƙa abin da ake tambaya. Jami'ar Queensland ta fito da wani kati mai launuka a 2002 ƙarƙashin shirin CoralWatch, wanda ake karawa a jikin murjani a rubuta lambar launin da ya yi daidai da shi, ta yadda mutum biyu za su ba da amsa kusan ɗaya. Matsalar da ta fi damuna ita ce yawan sauyin ma'aikata. Aikin jirgi na matasa ne, da yawa ba sa daɗewa, kuma duk wanda ya tafi yakan tafi da sanin wurin da ya tara a idonsa. Shirin horar da ƙwararrun jagorori da hukumar ta ƙaddamar tare da masu sana'ar a ƙarshen shekarun 2010 wani yunƙuri ne na riƙe irin waɗannan mutane.

Ƙirga asara ba hana ta ba ne

Suka ta ƙarshe ita ce wadda ba ni da cikakkiyar amsa gare ta, domin tana da gaskiya a gindinta. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ƙiyasi a 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, tudan murjani za su ragu da kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, in ta kai digiri 2 kuwa kusan duka za su tafi. A watan Afrilun 2024 NOAA ta tabbatar da cewa duniya ta shiga koɗewa ta huɗu da ta game tekuna. Babu yawan takardun da zai huce ruwa. Jihar Queensland da ke taƙama da murjanin ita ce kuma ke fitar da gawayin kwal mai ɗimbin yawa ta tashoshin Hay Point da Gladstone da Abbot Point, duk a gaɓar wannan teku. Baƙon da ya taso daga Turai ya ƙona man jirgin sama mai yawa kafin ya iso. Mai suka zai ce shirin sa ido yana bai wa gwamnati da kamfanoni abin nunawa, alhali babban dalilin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba.

Na yarda cewa hakan na iya faruwa, kuma duk lokacin da wani jami'i ya amsa tambaya kan kwal da labarin masu nutso da alluna, ya kamata a mayar da shi kan tambayar. Amma ƙin sa ido ba zai rage hayaƙi ko kaɗan ba, zai dai rage abin da aka sani. Rahoton AIMS na 2022 ya nuna murjani a arewa da tsakiyar yankin ya kai yawan da ba a taɓa gani ba cikin shekaru 36 na bibiya, bayan 'yan shekaru na sauƙin guguwa da zafi. Farfaɗowar ta dogara ne a kan nau'in nan mai rassa da saurin girma, wanda kuma shi ne ya fi saurin mutuwa, kamar yadda koɗewar 2024 ta nuna. Abin da wannan ke faɗa shi ne har yanzu tudun yana da ƙarfin murmurewa in ya samu sarari, kuma kowane murjanin da aka tsare daga bakin tauraro mai ƙaya yana cikin waɗanda za su zuba ƙwai a daren hayayyafa da ke biyo bayan cikar wata a ƙarshen shekara. Sanin tudun da ya jure zafi, da nau'in da ya tsira, shi ke nuna inda ya kamata a kashe ɗan kuɗin da ake da shi.

Akwai kuma wani tasiri da ba ya shiga rumbun bayanai. Ma'aikacin da ya rubuta da hannunsa cewa murjanin da ya sani ya koɗe, da wuya ya tsaya gaban baƙi ya ce babu abin da ke faruwa. A wasu ƙasashe ma daga masu sana'ar gyara ya taso. A birnin Hurghada na Masar, masu harkar nutso ne suka kafa ƙungiyar HEPCA a 1992, wadda ta kakkafa maɗaurai a Bahar Maliya domin jirage su daina jefa anga a kan murjani. A Tailan aka fara shirin Green Fins a 2004, wanda ke auna yadda kamfanonin nutso ke mu'amala da teku, ya kuma bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya bambanta na Ostireliya shi ne akwai hukuma mai doka a hannu da ke karɓar rahoton, da jiragen da za ta iya turawa, da cibiyar bincike ta dabam da za a gwada bayanan da nata. Lokacin annobar korona, da baƙi suka ɗauke ƙafa, gwamnati ta biya wasu kamfanoni domin jiragensu da ma'aikatansu su ci gaba da fita suna bincike da kashe tauraro mai ƙaya, aka kuma ci gaba da irin wannan tallafi bayan annobar. Ƙasar da ke son kwaikwayon shirin, ko a gaɓar Bahar Maliya ko ta gabashin Afirka, za ta tarar raba alluna ga masu jirage shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne samar da ofishin da zai karanta abin da aka rubuta a makon da aka rubuta shi, ya kuma tura jirgi.